Agogon Motar da ke Cikin Laka

Shekarar da aka janye ruwan madatsa don a gyara ƙofofinta, gindin tafkin ya fito fili a karon farko tun da aka gina ta. Kututturan bishiyoyi suka bayyana, da kwale-kwalen da suka nutse, da tarkacen da ba wanda ya san ranar zubar da su. A ƙarƙashin wata muguwar kwana, inda hanya ke bin gefen ruwa, masunta suka hango ƙafafun mota a sama, ta kife cikin laka. Da aka kawo motar ja aka birkito ta, sai aka tarar da ƙasusuwan mutum ɗaya a wajen zaman direba.

Auta tana wurin aiki ta ji labarin. A ɗakin wanki na babban asibiti take aiki, can ƙasa kusa da tukunyar tururi, inda zannuwan gado ke saukowa cikin kwanduna da tabon jini da na magani, su koma sama a goge a ninke. Rediyon da ke rataye a jikin bututu ya ce 'yan sanda na neman duk wanda wani nasa ya taɓa ɓata da mota shekaru masu yawa da suka wuce. Tana riƙe da bakin zanen gado, abokiyar aikinta na riƙe da ɗaya bakin, sai ta saki nata ya faɗi cikin ruwan ƙasa.

"Ke, lafiya?"

"Hannuna ne ya zame," in ji Auta.

Ba ta san babanta ba. Direban haya ne, Mama na ɗauke da cikinta ya fita da motarsa wata safiya, kuma yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba shi ba labarinsa. Da mutuwa ce da an yi kuka an share hawaye. Amma mutanen layinsu ba su bar maganar haka ba. Wasu suka ce da wata mai sayar da abinci a tasha ya gudu. Wani ya rantse ya gan shi a wata ƙasa, ya yi ƙiba har da tumbi, yara na biye da shi. Mama ta sha wannan magana a bakin famfo da kasuwa da gidan suna, har idonta ya yi yana, ƙafarta ta daina kai ta ko'ina. Yaya kuwa, wan Auta, wanda ya bar makaranta ya shiga gareji don su ci abinci, bai ƙara cewa Baba ba. In magana ta kama, sai ya ce "mutumin nan".

Da Auta ta same shi a garejinsa, yana kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Na ji," ya ce daga ƙasa. "Ba shi ba ne. Mutumin nan yana can yana wasa da jikoki."

"Ni dai ka raka ni. Kai ka san motar, ni ban santa ba."

Ya yi tsaki, ya yi mita, amma ya fito ya wanke hannu.

Motar tana bayan ofishin 'yan sanda, tsakanin baburan da aka kama da motocin haɗari. Ta koma kamar gwangwanin da aka tattake, tana warin kifi da ruɓaɓɓiyar laka. Yaya ya zagaya ta, ya durƙusa, ya kankare jikin injin da wuƙar aljihu. Tsatsa ta cinye lambar. Ta gaba da ta baya kuwa ko gurbinsu ba a gani, fenti ma ba a maganarsa.

"Irinta ce," ya ce. "Amma a lokacin rabin motocin haya irinta ne. Wannan bai nuna komai ba."

Sajan da ke riƙe da binciken dattijo ne mai nauyin jiki, wanda ake ganin gajiya har a tafiyarsa. Ya ce gida biyu sun riga sun zo, sun duba, sun ce ba irin tasu ba ce. Ya ce ƙasusuwan suna ɗakin ajiyar gawa na asibitin da Auta ke aiki, kuma likita ya gaya masa ruwa ya daɗe yana cinsu, da wuya a sami abin gwadawa a jikinsu. Auta ta tuna tana wucewa ta ƙofar ɗakin nan kullum da kwandon wanki a ka.

"Abu ɗaya ne ya tsira," in ji Sajan. Ya jawo aljihun tebur ya ciro leda. Ciki akwai wani kewayayyen abu, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, amma da nauyi kamar dutse. Agogo ne na tagulla da aka ɗaure a gaban direba. Gilashinsa mai kauri bai fashe ba. Ta bayansa ana hango fuska baƙa ƙirin, da inuwar hannaye biyu.

Da Auta ta koma gida ba ta gaya wa Mama abin da ta gani ba. Ta zauna a bakin gado tana matsa mata ƙafa, ta ce, "Mama, motar Baba tana da agogo?"

Mama ta juyo da fuskarta wajen muryar. Ta riga ta ji rediyo, Auta ta gane haka daga yadda ba ta tambayi dalili ba.

"Tana da shi mana. Ba na motar ba ne ma. Maigidansa da ya koya masa tuƙi ne ya ba shi, daga wata tsohuwar mota aka cire. Fari ne tas kamar farantin tangaran. Yana da ɗan kai a ƙasa kamar maɓallin riga, da shi ake murɗa shi. In zai kai ni unguwa ni nake murɗawa. Ya ce in na ji ya yi tauri in bari, kada in tsinka masa ciki, wai hannuna hannun daka ne." Ta yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya ɗauke. "An sami agogo ne?"

"An samu. Amma laka ta rufe shi, ba a gane komai."

Auta ta gaya wa kanta cewa abin da ya yi shekara arba'in cikin laka, ko auduga ce sai ta yi baƙi.

Sajan ya yarda a kai agogon wurin wanda ya san kansa, in dai da shi za a je. Shagon Mai Agogo yana ƙarƙashin matattakalar wani bene a layin masu sayar da waya, faɗinsa bai fi ƙofa ba. Agoguna sun cika bango, kowanne da lokacin da yake faɗa. Tsoho ne ƙanƙani mai rawar hannu, amma da zarar ya ɗauki ɗan hantsakinsa sai rawar ta tsaya. Ya juya agogon a tafin hannu, ya shinshina shi, ya ce, "Ikon Allah. Rabona da irin wannan tun ina da haƙora. Yanzu batir kawai nake canzawa, kamar mai watsa wa kaji tsaba." Ya ce murfin bayan agogon ya manne, sai ya jiƙa shi cikin mai na 'yan kwanaki, in ba haka ba zai fashe a hannunsa.

Ranar da suka koma, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan cikin agogon a kai. Sajan ya zauna a benci a waje yana amsa waya. Auta ta sunkuya cikin shagon, kanta na taɓa ƙasan matattakala.

"Ruwa ya shiga, amma bai sami iska ba, shi ya sa bai gama da shi ba," in ji Mai Agogo. Ya miƙa mata gilashin da yake maƙalawa a ido. "Duba nan, 'yata. Sunan da ke kan fuska na kantin da ya sayar ne, kada ya ruɗe ki. A ciki ake neman asali. Kin ga ɗan tsuntsun nan da aka buga a jikin farantin? Tambarin masana'antar ke nan. Can ƙetare take, a ƙasar sanyi, kuma sun rufe tun ina share wa maigidana shago. Su ke yin ciki, wasu su yi gida, wasu su rubuta sunansu a fuska su ce nasu ne."

"Shekarunsa fa, Baba?"

"Sannu dai, yanzu za mu je. Kin ga wannan 'yar ƙafar? Ita ke kaiwa da komowa, ita ce zuciyarsa. Agogunan da aka yi daga baya ana sa musu wani ɗan siririn ƙarfe a nan don ya tare jijjiga. Wannan ba shi da shi, ba a ƙirƙiro ba tukuna. Sannan wannan ƙasa-ƙasan da ke kan lambobi, da can haske yake yi cikin duhu. Guba ce, an daɗe da dainawa, kada ki taɓa ki kai hannu baki. In kin haɗa wannan da wancan, agogon nan ya girmi motar da aka same shi ciki nesa ba kusa ba. Sa'an kakanta ne. An yi shi ne lokacin da mota ba ta da wutar da za ta juya agogo, sai dai mutum ya murɗa."

Ya nuna mata ramukan da ke gefen gidan. Wasu an huda su da inji, santsi kamar an lashe. Wasu da ƙusa da guduma aka yi su. Ya ce wannan ya nuna ba mota ɗaya ya zauna ba, an cire shi an mayar aƙalla sau biyu. Ya kuma ce dogon hannun ba nasa ba ne, na agogon aljihu ne aka dasa masa, shi ya sa bai kai bakin lambobi ba.

Tsohon agogo, daga tsohuwar mota, an dasa a sabuwa. Maganar Mama ke nan. Auta ta ce, "Fuskar fa? Da fari ce, ko? Ruwa ne ya baƙanta ta."

Mai Agogo ya ɗago ya dube ta da kyau. Ya ɗauki fuskar da ya riga ya wanke, ya kai ta bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Baƙa ce mai sheƙi, lambobin ne farare.

"A wuta aka gasa fentin nan, irin na kwanon tasa. Ruwa ba ya canza shi. Baƙi aka haife shi."

"To abin murɗawar? Na ƙasa, kamar maɓalli. Ko ya karye?"

"Ba shi da shi, bai taɓa yi ba. Da ya karye da kin ga raminsa." Ya juya mata gindin gidan, sumul. "Bakin nan gaba ɗaya ake kamawa a juya, kamar murfin kwalba. An yi haka ne don direba ya murɗa ko da safar hannu."

Auta ta dafa tebur. Agogunan bango suka ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsu, kowanne da nasa saurin. Tsohon ya fara mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, bai dube ta ba.

"Ni agogo na sani, 'yata," ya ce a hankali. "Inda aka yi shi da zamaninsa, wannan na faɗa miki. Wanda ya hau mota da shi kuwa, ban sani ba. Ba zai sake tafiya ba, amma zan rufe miki shi da kyau."

Sajan ya leƙo. "To, an gano wani abu?"

"An cire shi ne daga tsohuwar mota," in ji Auta. "Kamar yadda mahaifiyata ta faɗa." Ba ta ambaci launin fuskar ko abin murɗawa ba. Ba ta yi ƙarya ba, amma ta ji bakinta ya yi ɗaci. "Bari a kai mata ta taɓa."

Da la'asar suka isa. Ɗakin Mama ƙarami ne, gado da kujera ɗaya da kabad mai gilashi cike da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa. Sajan ya cire hula ya zauna a kujera, Auta ta ɗora agogon a tafin Mama.

Mama ta auna nauyinsa. Ta shafa gilashin da babban yatsa, ta bi bakin tagullar. Sannan yatsunta suka gangara ƙasa, wurin da suka saba zuwa. Auta tana kallonsu. Suka lalubi gindin, suka koma, suka sake lalubawa. Sai suka tsaya cik.

"Shi ne," in ji Mama.

"Kin tabbata, Mama?" Sajan ya tambaya.

"Zan manta abin da na murɗa da hannuna? Shi ne. Mijina ne." Ta rungume agogon a ƙirji, sai wani irin kuka ya ƙwace mata, mai kauri, wanda Auta ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba. "Ashe ba guduwa ya yi ba. Ashe yana nan kusa da mu cikin ruwa, ana zaginsa."

"Mama, amma kin ce mini..."

Yaya ya damƙi hannun Auta ya ja ta tsakar gida, har bakin igiyar shanya.

"Yaya, ba shi ba ne. Nasa fari ne."

"Ni za ki gaya wa? Ina da wayona lokacin. A cinyarsa nake zama ina kallon agogon nan, fari ne." Muryarsa ƙasa-ƙasa take. "Ita ma ta sani, kin ga hannunta. Shekara arba'in ana nuna ta da baki, wadda miji ya gudu ya bari. Ki bar ta ta zama matar mamaci, ko na wata biyu ne."

"Mai ƙasusuwan fa? Ba ɗan wani ba ne?"

"Ina wanin? An yi ta cigiya a rediyo, wa ya zo? Gara mu rufe shi da a bar shi cikin kwali."

Haka aka yi. Sajan ya rufe bincike da murnarsa, aka ba su ƙasusuwan a wani ɗan ƙunshi da bai kai nauyin yaro ba. Aka binne, aka kafa allon ƙarfe da sunan babansu. A bakin kabarin Yaya ya durƙushe yana cewa "Baba, Baba," yana kuka kamar ransa zai fita, Auta kuwa ta rasa ko na gaskiya ne ko na mutane, daga baya ta gane shi ma bai sani ba. Tsofaffin layi da suka rage suka zo gaisuwa, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar mai abincin tasha. Mama ta zauna a miƙe a tsakiyar gado tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta sunkuyar da kai ga kowa ba. Ta fara cin abinci da kyau. Ta sa aka ajiye agogon cikin kabad, gaban kwanuka.

An yi makonni, wata ranar hutunta Auta tana shanya sai aka yi sallama. Wani dogon dattijo ne, siriri, da sanda da 'yar jaka, ƙurar hanya har gwiwa. Ya ce daga nesa yake, kwanciyar asibiti ce ta hana shi jin labari da wuri. Ya je wurin 'yan sanda, Sajan ya ce an gama, amma ya kwatanta masa gidan. Ta ba shi kujera da ruwa. Ya sha, ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Ban zo da rigima ba, 'yata. Wana ne ya ɓata da mota a hanyar nan, ina saurayi. Tambaya ɗaya zan yi, in ba haka ba ne in kama hanya. An ce an sami agogo. Baƙi ne, mai fararen lambobi? Ana kama bakinsa a juya?"

Jiƙaƙƙen zanen da ke hannun Auta yana ɗiga a kan ƙafarta.

"Dogon hannunsa gajere ne, bai kai lambobi ba," ya ci gaba. "Ni na karya na asalin, ina wasa da shi. Ya mare ni, sannan ya cire na agogon aljihun babanmu ya sa aka dasa. Ranar dukanmu biyu muka sha duka."

Ya so ya yi dariya, amma da ya ga fuskarta sai ya ajiye kofin a ƙasa.

Labulen ɗaki ya motsa. Mama ce, dafe da bango, ita da ta yi watanni ba ta taka tsakar gida ba.

"Wane ne wannan?"

"Baƙo ne, Mama."

"Na ji abin da ya ce. Malam, mijina ne. Na taɓa da hannuna, hukuma ta ba ni, na binne abina."

Dattijon ya miƙe da ƙyar. "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Uwarmu ta mutu tana kallon ƙofa. Ni kaɗai na rage da na san fuskarsa."

"Ka je ka nemi naka a wani ruwan. Fita mini daga gida." Muryarta ta tsinke. "Auta, fitar da shi!"

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Auta ta mayar da Mama kan gado, sannan ta zari mayafi ta bi shi. A bakin titi ta cim masa, yana tsaye bai san inda zai nufa ba.

"Baba, zo in kai ka wurinsa."

Maƙabartar tana bayan gari, kusa da inda ake ƙera bulo. Ya tsaya a gaban allon ya karanta sunan da ke jiki, leɓunansa na motsi. Sannan ya jingine sanda, ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kan ƙasar. Auta ta matsa nesa don kada ta ji abin da yake gaya wa wansa. Ya daɗe. Da ya tashi ta tambaye shi ko zai koma wurin hukuma.

"In ce a tone shi? A'a. Ya sha wahalar da ta ishe shi. An dai rufe shi, an yi masa addu'a, ko da sunan wani ne."

"Ka yafe mana, Baba."

Ya dube ta, idanunsa jajur. "Kin sani tun kafin a binne?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. "To yau dai ba zan iya ba, 'yata. Kada in yi miki ƙarya."

Ta raka shi tasha. A hanya ya faɗa mata sunan wansa, ya ce ana shirin aurensa ne ya ɓata, yarinyar ta jira har ta gaji ta auri wani. Ya kwatanta mata garinsu da shagon ɗansa da ke bakin kasuwa, ya shiga mota bai waiwayo ba.

Daga ranar Mama ta koma ba ta cin abinci sai an matsa mata. Ba ta ƙara tayar da maganar baƙon ba, ba ta kuma ƙara cewa a miƙo mata agogon ba. Yaya da ya ji abin da ya faru ya yi ta faɗa, wai me ya sa Auta ta bar shi ya shigo, sai ka ce ita ta kira shi. Wata rana da yamma Auta tana taje wa Mama kai, sai tsohuwar ta ce, "Mutumin nan yana da mata?"

"Wane mutum?"

"Na cikin motar."

Auta ta tsayar da matajin. "Bai yi aure ba, Mama. Ana shiri ne."

Mama ta ce, "To babu wadda na ƙwace wa." Ta gyara zama. "Ki aika wa ƙanensa da abinsa. Amma in na mutu, kusa da shi za ku sa ni. Kada mutane su ga an raba mu su fara tambaya."

Auta ta naɗe agogon cikin tawul ta ba wani direba da ke bin hanyar garin. Bayan kwanaki direban ya ce ya kai shagon, ɗan ya karɓa, ya ce tsohon yana kwance ba ya gane mutane sosai, amma za a sa masa a hannu.

Mama ba ta ga ƙarshen damina ba. Aka haƙa mata kusa da shi kamar yadda ta ce. A hanyar dawowa Yaya ya yi wata busasshiyar dariya, ya ce, "Mama ta yi sabon aure ba ta gayyace mu ba," sannan ya juya fuska ga bango ya daɗe bai juyo ba.

Da za a rubuta allon Mama, Auta ta ce a gyara na kusa da shi ma, a sa sunan mai shi, tunda wadda aka ɓoye maganar dominta ta tafi. Yaya ya ce sai dai bayan ransa. Ya ce bakin mutane bai mutu ba, ranar da aka canza allon nan ranar za a tono tsohuwar magana, a haɗa da sabuwa, a ce uwarsu ta saci gawa. Suka yi musu a gaban mai rubutun allo har ya ajiye burushi ya fita waje. Auta ba ta ci nasara ba. Tun daga nan gaisuwa ce kawai ke haɗa ta da Yaya, ita ma a tsaitsaye.

Takan je maƙabartar in ta sami hutu, da tsintsiya da 'yar fartanya, ta cire ciyawar kaburburan biyu. Wata rana wata tsohuwar layinsu da ta zo duba nata ta tsaya a kanta, ta sa wani yaro ya karanta mata allunan, ta dafa ƙirji.

"Allah sarki. Duk abin da aka yi ta faɗa, ga shi dai a ƙarshe sun haɗu."

"Haka ne, Gwaggo," in ji Auta, ta sunkuya ta ci gaba da shara.